Liyari da Dala: Tarihin Tsofaffin Kuɗin Azurfa daga Kano zuwa Briqueterie

Unguwar Briqueterie da ke tsakiyar Yawunde, babban birnin ƙasar Kamaru, ita ce aka fi sani da unguwar Hausawa a wannan birni. Sunanta na Faransanci ne, ma'anarsa wurin gasa tubali, domin a nan aka kafa masana'antar jan bulo tun zamanin mulkin Jamusawa. 'Yan ƙasa kuwa, wato Ewondo, Ekoudou suke kiran wurin. An san ta da babban masallacinta, da shagunan yadi da na teloli, da kuma 'yan tsire waɗanda jama'a ke zuwa nema daga sauran unguwannin birnin. Kuɗin da ake kashewa a cikinta a yau shi ne sefa, amma Bahaushen ƙasashen sefa, ko a Maraɗi yake ko a Damagaram ko a zangon kudu, ya saba lissafi da dala, wadda take daidai da sefa 5. Idan ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Wannan kalma ta girmi sefa nesa ba kusa ba, kuma asalinta sunan wani babban kuɗin azurfa ne da fatake suka riƙa ɗauka tsakanin Kano da Barno da Adamawa. Har yanzu ana samun irinsa a cikin akwatunan tsofaffi da wuyan mata, sa'an nan akwai wata kasuwa ta duniya, ta masu tara tsofaffin kuɗi, wadda take da nata ma'aunin na daraja, wanda sau da yawa mai gadon kuɗin bai san da shi ba.

Yadda Hausawa suka isa Yawunde

Hanyar da ta kai Hausawa kudancin Kamaru ta Adamawa ta bi. Bayan da Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841, ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, garuruwan Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo suka zama kujerun lamidai, fataken Hausa da na Barebari kuma suka bi sawu da tufafi da kanwa da duwatsun ado, suna komowa da hauren giwa da goro da bayi. Sannu a hankali suka zarce har ƙasar Wute da ke arewa da kogin Sanaga. Wani hafsan Jamus mai suna Curt von Morgen, wanda ya ratsa ƙasar daga Yawunde zuwa Binuwai tsakanin 1889 da 1891, ya tarar da 'yan kasuwar Hausa zaune a Ngila suna sayen haure.

Jamusawa sun kafa sansaninsu na Yawunde a ƙarshen shekarun 1880. Georg Zenker ya riƙe shi har 1895, daga nan Hans Dominik ya karɓa. Da suka ci Tibati da yaƙi a 1899, suka ci Ngaundere da Garwa a 1901, sai hanya ta buɗe tsakanin arewa da kurmin kudu, fatake suka ƙetare Sanaga suka yi zango kusa da sansanin, suna sayar wa sojoji da ma'aikata nama da tufafi, suna shiga daji neman roba da haure. Sojojin ƙawance sun shiga Yawunde ranar 1 ga Janairun 1916, garin ya koma hannun Faransa, ya zama babban birni a farkon shekarun 1920, jirgin ƙasa daga Duwala kuma ya iso shi a 1927. A zamanin Faransa ne unguwar Hausawa ta kafu a Briqueterie inda take a yanzu. Ke nan a cikin shekaru kaɗan, ɗan kasuwa guda ya riƙe kuɗin wuri da liyari da kuɗin Jamus da na Faransa, ya kuma san na Ingila ta wajen 'yan'uwansa na Yola da Kano.

Daga wuri zuwa liyari

Ɗalibin Hausa zai amfana da sanin cewa kalmar kuɗi kanta jam'i ce, tilonta shi ne wuri. Wurin da aka yi ciniki da shi a ƙasar Hausa ƙwanson wata halittar teku ce da ake samowa daga tsibiran Maldib da ke tekun Indiya. Ana ƙirga shi a ƙasa da hannu, a ɗura 20,000 a buhun tabarma da ake kira keso. Wuri ya dace da cefanen yau da kullum, sai dai yana da nauyi ƙwarai, har ya zamana kuɗin dakonsa a doguwar tafiya yana cinye wani kaso mai tsoka na darajarsa. Daga tsakiyar shekarun 1840 kamfanonin Hambag na ƙasar Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya yi yawa a kasuwa, darajarsa ta yi ta faɗuwa. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ake bayarwa a kan babban kuɗin azurfa guda na Sifaniya ko na Ostiriya. Kafin ƙarshen ƙarnin, farashin ya kai wajen 5,000. A Adamawa kuwa, da Barth ya je Yola a cikin wannan shekara, ya tarar da ƙyallayen saƙi da Fulani ke kira leppi su ne abin ciniki.

Saboda haka attajiri mai doguwar tafiya yana bukatar abin da zai ɗaure dukiya mai yawa a ɗan ƙaramin ƙunshi, wanda kuma za a karɓa a Kukawa kamar yadda za a karɓa a Kano. Liyari ne ya biya wannan bukata. Kalmar daga riyal ta Larabci take, sai dai harshen Hausa ya musanya gurbin ra da lam, ya ƙara wasali a ƙarshe kamar yadda ya saba yi wa baƙin kalmomi. Larabawa ma aro suka yi daga sunan kuɗin Sifaniya. Ita kuwa dala, asalinta sunan wani kwari ne a ƙasar Bohimiya, Joachimsthal, inda aka fara buga manyan kuɗin azurfa wajen 1520. Jamusawa suka taƙaita sunan zuwa Thaler, daga nan ya bazu cikin harsuna, har ya zama sunan kuɗin Amurka, ya kuma zama dalasi a ƙasar Gambiya.

Kuɗin da shekararsa ba ta canzawa

Liyarin da Hausawa suka sani shi ne mai hoton Mariya Tariza, sarauniyar Ostiriya da Hangari da Bohimiya. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741, ta rasu a Nuwamban 1780. Da yake 'yan kasuwar Gabas sun riga sun amince da shi ba sa son a sauya masa kama, sai gidajen buga kuɗi suka ci gaba da fitar da shi da shekarar 1780 ba tare da canji ba. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce, wato kimanin giram 23.4, sauran kuwa jan ƙarfe ne da ke ƙara masa ƙwari. A fuska ɗaya akwai sarauniyar da lulluɓin takaba, da kambi a kanta, da wani maɓalli mai lu'ulu'u a kafaɗarta. A ɗaya fuskar akwai gaggafa mai kai biyu. A gefensa an zana rubutu da ado masu tudu, domin kada wani ya kankare azurfar ba a gane ba.

Ostiriya ta daina karɓarsa a matsayin kuɗin ƙasa a 1858, alhali a lokacin ne kasuwarsa take bunƙasa a Larabawa da Habasha da Sudan da Barno. Da sojojin Ingila suka shiga Habasha a 1868, sai da suka sayo shi daga Viyana, domin mutanen ƙasar ba su yarda da wani kuɗi ba. A 1935 Italiya ta karɓi izinin buga shi a Rum saboda yaƙin da ta kai wa Habasha. Ingila ta mayar da martani ta fara buga nata a Landan daga 1936, aka kuma buga shi a Faris da Burasal da Bamingam, da Bombai ta Indiya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jimillar abin da aka buga ya haura miliyan 300, kuma gidan buga kuɗi na Viyana yana fitar da shi har gobe, duk da shekarar 1780. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai gadon liyari ya sani: lambar da ke jikinsa ba ta nuna shekarunsa. Mai yiwuwa kakansa ya samo shi a Kukawa kafin zuwan Turawa, mai yiwuwa kuma wani alhaji ne ya sayo shi sabo a kasuwar Jidda shekaru arba'in da suka wuce.

Hatimi a kan hatimi

Manyan kuɗin azurfa irin liyari da riyal ɗin Sifaniya sun yi yawo a ƙasashen da ba su suka buga su ba, kuma hukumomin waɗannan ƙasashe sukan ɗora musu ƙaramin hatimi nasu da guduma. Dalilan yin haka sun bambanta. Wani lokaci ƙasa ce ta rasa kuɗin kanta, kamar yadda ya faru a Ingila a 1797, inda Bankin Ingila ya buga ɗan ƙaramin kan Sarki Joji na Uku a wuyan Sarkin Sifaniya, ya fitar da kuɗin a kan sule huɗu da nai. Masu jabu ba su ɓata lokaci ba wajen kwaikwayon hatimin, har aka janye kuɗin kafin shekarar ta ƙare. Wani lokaci kuma so ake a hana kuɗin fita daga ƙasa. A yankin New South Wales na Ostireliya, Gwamna Lachlan Macquarie ya sa aka huda tsakiyar riyal 40,000 na Sifaniya, aka buga wa zoben hatimin sule biyar mai shekarar 1813, ƙwayar da aka cire kuma ta zama kwabo goma sha biyar. Da yake kuɗin da aka huda ba shi da wannan daraja a wata ƙasa, jiragen 'yan kasuwa suka daina kwashe shi. Mutumin da aka ba aikin, William Henshall, tsohon fursuna ne da aka kora daga Ingila saboda laifin buga jabun kuɗi.

A Afirka ma an yi haka. A Saliyo, wajen 1832, an yanka riyal ɗin Sifaniya gida huɗu aka buga wa kowane yanki haruffan WR da kambi, alamar Sarki Wiliyam na Huɗu. A Mozambik, a ƙarshen shekarun 1880, hukumar Fotugal ta buga haruffan PM a kan liyari da rufin Indiya da sauran baƙin kuɗi, domin ta san adadin da ke yawo, ta kuma ƙayyade farashinsu. Ta yi irin wannan a tsibiran Azores a 1887 da haruffan GP. A ƙasar Sin kuwa 'yan kasuwa da masu canji ne da kansu suke buga ƙananan alamomi a kan duk azurfar da suka gwada suka tabbatar da kyanta, har wani kuɗin ya cika da tambura ya lotsa kamar ƙoƙo, hoton sarkin da ke kai ya ɓace. Akwai kuma liyari masu ɗauke da kalmar Hijaz ko Najad da rubutun Larabci, waɗanda ake dangantawa da zamanin Sharif Husaini da farkon mulkin gidan Sa'ud. Waɗannan su ne suka fi kusa da tarihin Hausawa, tunda mahajjatan da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, liyari ne guzurinsu a tsawon hanyar.

Hatimin sarki da idon dillali

Daular Sakkwato ba ta kafa gidan buga kuɗi ba, haka ma lamidan Adamawa. Sarakuna suna da hatimi, amma a kan wasiƙu suke buga shi. Amincin azurfa a kasuwa ya rataya ne a kan ƙwarewar dillalai da fatomai, wato masu masaukin fatake, waɗanda suke tsaya wa baƙo a ciniki, suke kuma ɗaukar asarar idan abin da suka lamunta ya zama jabu. Gwajinsu na ido ne da kunne da hannu. Ana jefa kuɗin a kan dutse a saurari ƙararsa, domin azurfa tana da doguwar amo, dalma kuwa ƙararta a mace take. Ana auna shi a tafin hannu, a shafa gefensa a ji ko rubutun yana nan. Sa'an nan a dubi lu'ulu'un da ke kambin sarauniyar da maɓallin kafaɗarta. Idan sun shafe, kuɗin ya sha hannu ya rage nauyi, sai a ƙi shi ko a rage masa farashi. Daga Barno har Habasha da Yaman haka ake yi, shi ya sa ɗaya daga sunayen da Larabawa suka ba shi yake nufin mai ɗigo-ɗigo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma abin da dillalin Kukawa yake dubawa a jikin liyari shi ne dai masu tara kuɗi na yau suke dubawa da gilashin ƙara girma.

Alamomin da mutanen wannan yanki suka bari a jikin liyari na wani irin ne daban. Ƙasar Hausa ba ta da ma'adinin azurfa mai yawa, saboda haka liyari ya zama abin aikin maƙeran fari, waɗanda suke narka shi su ƙera zobba da mundaye da ƙwandage da adon linzami da na sirdi. Maƙeran Agadas ma da shi suka riƙa ƙera kayan adon Buzaye. Wanda ya tsira daga wuta kuwa, sau da yawa an huda shi ko an like masa kunne, an zura masa zare, ya zama abin wuya ko adon kitso na matan Hausa da Fulani da Shuwa. Mace takan riƙe shi a matsayin ajiyar da take tata ta kanta, wadda za ta iya sayarwa ranar da bukata ta taso, ta kuma bar wa 'yarta. Wannan ne ya sa liyari ya daɗe a ɗakunan mata bayan ya bar kasuwa.

Kuɗin Turawan mulki da sunayen da suka bari

Turawan mulki ba su so liyari ba, domin ba su ke buga shi ba, ba su kuma da iko da farashinsa. A Nijeriya ta Arewa, Ingilishi sun hana shigo da shi da wuri a farkon shekarun 1900, suka tilasta biyan haraji da nasu kuɗin. A 1907 suka fitar da anini, kashi ɗaya cikin goma na kwabo, mai huji a tsakiya da rubutun Larabci, domin ya maye gurbin wuri a ƙananan ciniki. Sunayen wannan zamani suna nan a bakin Hausawa: kwabo da taro da sisi da nai da sule da fam duk daga Ingilishi suke, rabin kwabo kuma aka kira shi ɗari saboda ƙimarsa da wuri. Sule biyu a haɗe shi ne fataka, kalmar da ta fito daga sunan wani kuɗin Fotugal, wasu kuma suka ce masa dala. Har yau mai nuna tsananin rashi yakan ce ba shi da ko anini, ko kuma ko sisin kwabo.

A Kamaru, Jamusawa kuɗin ƙasarsu suka kawo, ba su buga wa ƙasar nata na ƙarfe ba kamar yadda suka yi wa mulkinsu na Afirka ta Gabas. Faransawa ne suka fara fitar da tsabar kuɗi mai sunan Kamaru, tsakanin 1924 da 1926. A 1943, lokacin da Faris take hannun sojojin Hitila, Kamaru kuwa tana bayan Janar de Gaulle, a Firitoriya ta Afirka ta Kudu aka buga mata kuɗi masu hoton zakara. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamban 1945. Yankin Kamaru da Ingila ta riƙe ya ci gaba da fam da sule har bayan haɗewar kudancinsa da Kamaru ta Faransa a Oktoban 1961. Babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, wanda aka kafa a 1972, ya mayar da hedikwatarsa Yawunde a 1977.

A ƙasashen Faransa, kuɗin azurfa na faran 5 shi ne ya gaji liyari. Nauyinsa giram 25, azurfar da ke ciki giram 22.5, kusan daidai da ta liyari, saboda haka ya gaji sunansa ma. Bahaushe ya ce masa dala, Balaraben Chadi ya ce riyal, Bambara da Wolof kuma suka kira shi da sunan da ya fito daga dirhami. Azurfar ta tafi, darajar faran ta yi ta raguwa, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, amma lissafin biyar-biyar bai gushe ba. Abin da a da yake daidai da dubban wuri, yau shi ne ɗan ƙaramin ƙarfen da ba ya sayen ƙwayar goro.

Yadda masu tarawa suke auna daraja

Masu tara tsofaffin kuɗi suna duba abu uku kafin su yanke farashi: ƙarancin kuɗin, da lafiyar jikinsa, da tabbacin asalinsa. A Amurka ana amfani da ma'auni mai hawa 70 wanda William Sheldon ya tsara a 1949, inda 1 take nufin kuɗin da ya shafe sai da ƙyar a gane shi, daga 60 zuwa sama kuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Kamfanoni irin su PCGS da NGC, waɗanda aka kafa a 1986 da 1987, sukan duba kuɗi su ba shi lamba, su rufe shi a cikin kwanson roba. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, haruffa ake sawa, daga B zuwa TB da TTB da SUP, har FDC wanda yake kamar yanzu ya fito daga maƙera.

Kuɗi mai hatimi biyu ana ba shi daraja biyu, ɗaya ta uwar kuɗin, ɗaya ta hatimin da aka ɗora, kuma yawanci hatimin ne yake ɗaga farashi. Nan ne ƙofar zamba take, domin sassaƙa ɗan ƙarfe mai haruffa biyu a buga shi a kan liyari mai araha ba aiki ne mai wuya ba. Masana suna da hanyoyin kama irin wannan. Bugun guduma yakan bar tabo a bayan kuɗin daidai inda hatimin ya sauka, kuma idan bugun tsoho ne, tabon yakan sha hannu tare da sauran jikin. Idan kuɗin ya shafe amma bakin hatimin yana da kaifi, cikinsa kuma yana ƙyalli, to sabon aiki ne. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tarihi. Ko da yake duk liyari 1780 yake ɗauke da ita, bugun kowane gida yana da 'yan bambance-bambance, a yawan lu'ulu'un maɓalli, da gashin wutsiyar gaggafa, da siffar alamar da ke bayan shekarar, da adon gefe. Idan aka ga hatimin da ake cewa na 1889 ne ko na 1916 a kan liyarin da aka buga a Landan bayan 1936, magana ta ƙare. Ta irin wannan bincike ne masana da yawa suka kai ga ganin cewa akasarin liyari masu hatimin Hijaz da Najad da ke yawo a kasuwa an ƙirƙire su ne daga baya domin a sayar wa masu tarawa. Sayen irinsu ta hoton waya cinikin biri a sama ne.

Akwai wani abin lura a cikin wannan ma'auni. Kuɗin da aka huda, ko aka like masa kunne, ko aka goge shi da toka da lemun tsami har ya yi fari, a wurin masu tantancewa ya lalace, ba a ba shi lamba, sai a rubuta aibinsa a jikin kwanson. Ke nan hatimin gwamnan Mozambik yana ƙara wa liyari kuɗi, hujin maƙerin Kano ko na Ngaundere kuwa yana rage masa, alhali dukansu shaida ce ta inda kuɗin ya bi da aikin da ya yi. Tamburan 'yan kasuwar Sin ma a da aibi ake ɗaukarsu, sai daga baya suka sami masu nemansu musamman, waɗanda suke karanta su a matsayin tarihin ciniki. Liyarin da ya zama abin wuya ya fi samun mutunci a wurin gidajen tarihi da masu tara kayan adon Afirka fiye da wurin masu tara kuɗi.

Abin da ke hannun magada

Iyalin da suka gaji liyari a Briqueterie, ko a Sabon Zango na Akara, ko a cikin birnin Kano, suna iya yin asara ta fuska biyu. Wani yakan ga 1780 ya ɗauka ya riƙe taska, ya ƙi farashin gaskiya, ko ya faɗa hannun mai yi masa alkawarin miliyoyi idan ya fara biyan kuɗin gwaji. Wani kuma yakan kai shi wurin maƙeri a auna a biya shi kuɗin azurfa, a jefa a wuta, ba tare da an duba ko tsohon bugu ne mai wuyar samu ba. Yawancin liyari darajarsu ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da ɗan ƙari ba, kuma ana iya lissafa wannan da farashin azurfa na ranar, tunda nauyinta sananne ne. Kaɗan ne suke da daraja ta musamman, su ne bugun farko-farko da masu hatimi na gaskiya, kuma gane su yana bukatar sikeli mai kyau da idon wanda ya saba. Kafin a kai ga wannan, abin da ya fi amfani shi ne kada a goge kuɗin, kada a cire masa kunne ko zaren da ya zo da shi, a kuma tambayi tsofaffin gida wa ya kawo shi, daga ina, a wace tafiya, a rubuta amsar a ajiye tare da shi. Mai tantancewa a Faris ko Landan zai iya faɗin gidan da ya buga kuɗin da kimanin shekarar bugun, amma sunan bafataken da ya ɗauko shi daga Kukawa ko Yola ya ƙetare Sanaga da shi, a bakin tsofaffin gida kawai ake samunsa.